Takin Baba da Ƙwan da Aka Ba Ni

"Ban yarda ba!" in ji Baba, ya dafe buhun taki kamar za a ƙwace masa.

A gonarmu ta auduga ne a Dabai, shekarun dubu biyu da 'yan kai. Malamin gona ya zagaye ta da wata 'yar na'ura mai kama da waya, ya ɗebi ƙasa ya kai gwaji. Da ya dawo sai ya ce gefen tudu ya gaji, a ƙara masa taki, a rage wa kwari.

Baba tsohon soja ne, ko nama daidai yake raba mana. Ya ce, "Gona ɗaya, rabo ɗaya. Ni ba na bambanci."

Mama ta ajiye fartanya, ta nuna ni. "Baban yara, da 'yar nan taka ta kwanta ciwo, wa ya riƙa kawo mata ƙwai ita kaɗai?"

Baba ya kalle ni, ya saɓa buhun ya nufi tudu yana gunaguni.

A shekarar, tudun ya yi fari fat da auduga. Ƙannena kuwa har yau ba su yafe ƙwan nan ba.

Ku a gidanku, wa aka taɓa ƙara wa taki?