Bargon da Hannu Uku Suka Auna

Abubuwa da yawa sun wuce ni a rayuwa, in ba an tuna mini ba, ba na tunawa. Amma ranar da muka baje ɗinkinmu a tsakar gidan mahaifiyarmu ya ƙi haɗuwa, wannan kam ina jin tana nan a zuciyata har in koma ga Ubangijina. Shekaru sun ja, kaina ya yi furfura, amma in na rufe ido ina ganin tabarmar, ina ganin hantsin, ina jin muryoyinmu.

Mu uku ne mata a wurin iyayenmu. Yaya, babbarmu, tana aure a Tudun Wada. Ni ta tsakiya ina Ba'awa, ina koya wa matan unguwa karatu. Auta kuma tana Kwanar Dangora da kekenta na ɗinki. Iyayenmu suna cikin mutanen da ruwan madatsar Tiga ya ci garinsu, aka mayar da su sabon matsuguni a ƙasar Bebeji. A nan Baba ya ƙarasa rayuwarsa, da safe yana lambu, da yamma yana kan buzu da allunan yara a gabansa. A hannunsa na koyi rubutun ajami. Allah ya jiƙansa, ya haskaka makwancinsa.

Da ya rasu aka raba abin da ya bari yadda addini ya ce, tufafinsa masu kyau aka yi masa sadaka da su. Sai wasu tsofaffin riguna da suka ji jiki, waɗanda ba a iya miƙa wa kowa, suka faɗo a rabon Inna. Akwai fara mai tabon tawada a bakin aljihu, akwai shuɗiya da ta koɗe, akwai kuma ta saƙi, wadda Inna ta ce ita ce a jikinsa ranar da suka ɗora kaya suka baro tsohon gari.

Ranar da Inna ta fita takaba muka taru duka. Bayan baƙi sun watse ta fito da rigunan ta ajiye a gabanmu.

Ta ce, "Bargo nake so a yi mini da su. Sanyin damina yana shiga ƙashina. Da ni zan ɗinka, to idon ya ƙi, kafar allura ma ba na gani. Ku yi mini tun ina iya bambanta fari da shuɗi."

Yanar ido ce ta fara rufe mata gani, kuma dukanmu mun san kullum gaba take yi. Aka farke rigunan, aka fitar da inda ya mutu, aka kasa mai kyaun kashi uku. Kowaccenmu za ta tafi da nata, ta harhaɗa ƙananan ƙyallaye su zama falle mai kusurwa huɗu, in mun sake haɗuwa a jera fallayen a ɗinke su bargo guda. Auta ta tambayi girman kowane falle. Inna ta buɗe hannunta a kan tabarma, daga babban yatsa zuwa na tsakiya, ta taka shi sau biyu.

Ta ce, "Ɗani biyu a tsaye, ɗani biyu a kwance. Shi ke nan."

Duk muka ce mun gane. Haka muka taso muna gani, da ɗani ake auna ƙyalle, da kamu ake auna zane, ba wanda ya taɓa tambayar hannun wa. Kowa ta ɗaure ƙunshinta ta kama hanya.

Ni dai na yi nawa a hankali, da allura da zare, bayan na sallami ɗalibai. Wani lokaci in na ɗago ƙyallen nan mai tabon tawada sai in ajiye allurar in yi masa addu'a tukuna. Ban bar ko guntun da ya kai faɗin yatsa ba, duk na shigar da shi. Daga baya na ji su ma haka suka yi. Wannan shi ya sa abin da ya biyo baya ya yi mana nauyi, domin babu sauran ƙyallen Baba a duniya da za a ce a ƙaro.

Bayan ƙaramar Salla muka koma gida. Da hantsi, lokacin da idon Inna ya fi gani, muka shimfiɗa babbar tabarma a tsakar gida. Aka sa mata kujera 'yar tsugune a bakin inuwa. Kowa ta kwance ƙunshinta tana murmushi, don kowa ta san ta yi ƙoƙari. Kuma wallahi aiki ya yi kyau. Yaya ta sa aikin wuyan rigar saƙin nan a gefen fallayenta, Auta ta jera fari da shuɗi kamar a zana.

Sai muka fara jerawa. Na ajiye nawa kusa da na Yaya, nata ya fi nawa da kusan faɗin yatsu biyu. Auta ta kawo nata, ya zauna a gefen na Yaya kamar ɗa a gefen uwarsa. Muka juya su, muka ja, muka sauya musu wuri. Babu kusurwar da ta sadu da 'yar'uwarta.

Yaya ta ce, "Ke Auta, rowar ƙyalle kika yi ko kuwa hular jariri aka ce ki ɗinka?"

Auta ta ce, "Haba Yaya! Ni da nake sana'ar? Da tef na auna nawa, ko zare ɗaya babu wanda ya fi wani. Naki ne dai kamar za a yi wa rumbu murfi."

Na ce, "To da tef ɗin me kika auna?"

Ta ce, "Ɗanina mana. Na auna shi sau biyu na riƙe lambar."

A nan ne na dubi hannuwanmu. Yaya mace ce doguwa, ta gaji ƙirar Baba, tafinta kamar faifai. Auta kuwa 'yar firit ce, awarwaron yara take sawa har yau. Ni ina tsakani. Da a ce a kan wani ƙyalle ne na kasuwa, da dariya za mu yi har mu faɗi. Amma ba wadda ta yi dariya.

Auta ta zaro almakashi daga jakarta. Ta ce abin mai sauƙi ne, ƙarami ba ya girma, sai dai babba ya ragu, a rage na Yaya da nawa su dawo daidai da nata. Yaya ta dafe fallayenta da hannu biyu.

Ta ce, "Almakashi ba zai sake taɓa rigar Baba ba. Ki duba inda za ki yanke, aikin wuyan ne fa. Shi za ki zubar a shara?"

Auta ta ce, "To sai a yi yaya? A bar Inna da tsummoki a ƙunshi?"

Yaya ta ce, "Da kin tambayi na gaba da ke kafin ki hau keke, da ba a yi haka ba."

Auta ta ce, "Dama ke kullum haka kike, sai dai kowa ya bi awonki. Tun muna yara."

Magana ta bar kan ƙyalle ta koma wani wuri. Aka tono abin da aka faɗa ranar zaman makoki, aka tono wadda ta fi zuwa jinya da wadda ba ta zo da wuri ba. Na yi ta cewa su yi wa Annabi salati, ba wadda ta ji ni. Can sai na ga Yaya tana tattara fallayenta tana ninkewa, ta ce a kira mata mai babur, gara ta ajiye su a ɗakinta yadda suke da a lalata su. Na san halinta, in ta fita da ƙunshin nan ba bargo, kuma ba ranar da za ta sake zama tabarma ɗaya da Auta nan kusa. Idon Inna kuwa ba zai jira su huce ba.

Duk wannan abin Inna tana kan kujerarta. Ta jawo falle ɗaya tana shafawa, tana bin ɗinkin da yatsa. Sai da Yaya ta yafa mayafi sannan Inna ta yi magana, kuma ba ta ɗaga murya ba.

Ta ce, "Babba, zo ki durƙusa nan. Ba ni hannunki."

Yaya ta zo. Inna ta kama hannunta ta buɗe shi a kan fallenta, ta taka sau biyu. Ya faɗa daidai, baki da baki. Ta kira ni, nawa ma haka. Ta kira Auta, wadda ke share hawaye da gefen hijabi, nata ma haka.

Ta ce, "To wa ya yi kuskure a nan? Ɗani biyu na ce, ɗani biyu kowa ta kawo. Allah ne bai yi muku hannu ɗaya ba. Ni da na haife ku, ni ya kamata in tuna."

Ta aike ni in zaro kara daga danga, in ɗauko mata wuƙar da Baba yake feƙe alƙalami da ita. Ta ɗora karan a kan fallen Yaya, mafi girma, ta yanke karan daidai tsawon fallen. Ta ce daga yau wannan ne ma'auni, ba hannun kowa ba. Sannan ta ce in shiga ɗaki in buɗe kwallar da ke ƙasa, in kawo abin da ke ciki.

Na san abin da ke ciki tun kafin in buɗe. Baƙin zanenta ne na rini, wanda ta goya mu duka da shi, wanda ta ɗaura ranar da suka baro garin da yanzu yake ƙarƙashin ruwa. Ba ta ɗaura shi, ba ta bari a taɓa. Da na miƙa mata, duk muka ce, "Inna, don Allah kar ki yi." Ta sa haƙori a gefensa, ta ja. Har yau ina jin ƙarar yagewar nan.

Ta ce, "Wanda bai kai ba, a kewaye shi da wannan har ya kai. Na Auta a ba shi mai faɗi, naki ke kuma siriri. Ba a yanke na kowa."

Auta ta sunkuyar da kai, ta mayar da almakashinta gefe. Na ɗauka magana ta ƙare, sai na ji wata 'yar ƙaramar murya da ban taɓa ji daga bakin Yaya ba. Matar da ke da surukai, wadda in ta yi tsawa ake ji a maƙwabta.

Ta ce, "Inna, ni fa? Nawa ke nan babu zanenki a jiki?"

Inna ta juya fuskarta wajenta, ta daɗe tana kallonta da idon nan mai hazo. Sai ta yi murmushi, ta jefar da karan da ta yanka.

Ta ce mini, "Zaro wani. Wannan ya yi gajere."

Ta yanke sabon kara ya ɗara fallen Yaya kaɗan. Ma'aunin ya zama ya fi na kowa a cikinmu, har babbar. Ke nan babu fallen da zai kai sai an ƙara masa da zanen Inna. Auta ce ta fara fashewa da dariya cikin kuka, ta ce, "Ashe dai kowa ragagge ne." Yaya ta kai mata duka da mayafi ta ce, "Rufe mini baki, mai hannun ƙadangare."

Muka yi wa mazajenmu waya muka nemi ƙarin kwanaki. Aka aro keke a maƙwabta, Auta ta hau. Ni nake ɗora kara ina shata layi da guntun sabulu, Yaya tana bin kowane falle da dutsen guga kafin a auna, domin Auta ta ce ƙyallen da bai kwanta ba ƙarya yake yi wa ma'auni. Yaya ba ta musa ba. Inna kuma ta hana kowa cin ɗinki yadda ta ga dama, ta tsaga ɓawon kara ta ce faɗinsa za a bari a kowane baki. Duk fallen da aka gama sai an miƙa mata, ta ɗora kara a tsaye, ta ɗora a kwance, sannan ta ce, "Ya yi." In bai yi ba ta mayar, ko na wace ce.

Ranar da muka haɗa layin ƙarshe, kusurwa ta sadu da kusurwa ko'ina. Muka ɗaga shi mu uku a cikin rana. Inna ta matso har hancinta na kusan taɓa shi, ta bi shi daga wannan gefe zuwa wancan. Ta tsaya a kan tabon tawadar nan ta ɗora tafinta.

Ta ce, "Alhamdu lillahi. Na gani."

Ba a daɗe ba idon ya rufe gaba ɗaya. Amma ta yi shekaru tana rufa da bargon, kuma in jikoki suka kewaye ta sai ta yi musu wasa da shi. Ta shafa baƙin da ke kewaye da falle, in ta ji mai faɗi ta ce na Auta ne, in ta ji siriri kamar igiya ta ce na Babba ne. Ba ta taɓa kuskurewa ba. Da ita ma ta amsa kira, Allah ya gafarta mata, ba mu raba shi ba. Yana zagayawa tsakaninmu, duk wadda ba ta da lafiya ita ake kai wa. Karan kuwa yana rataye a shagon Auta.

Abin da ranar nan ta koya mini shi ne, sau da yawa mutane suna faɗa ba don wani ya yi laifi ba, sai don kowa da hannunsa ya auna. Tun daga lokacin, in zan haɗa aiki da wani, sai mun fara yanke kara ɗaya. In kuma an riga an yi, abu ya zo bai daidaita ba, nakan tuna Inna kafin in nemi almakashi. Ba ta rage na kowa ba. Ta ɗauko abin da ta fi so ta yaga, ta cike wa kowaccenmu inda ta gaza.