Turmin da na saya da araha

Salama gare ku, jama'a. Wata biyar ke nan ban ce uffan a nan ba. Waɗanda suka zaci girman kai ne, ku yi haƙuri, kwance nake.

Ga wanda bai sani ba, ni malamar firamare ce a Anka, 'yar Zuru. Ba miji, ba dangi kusa. 'Yan cocinmu ba mu da yawa, kuma tun da hanya ta daina tabbas kowa ta kansa yake.

Da murɗar ciki abin ya fara, sai ciwon kai, sai mantuwa. Sau biyu na sha maganin taifot, a banza. Ran nan ina rubutu a allo, alli ya suɓuce mini, hannun dama ya ƙi ɗagawa. Tsoro ya kama ni.

A asibiti aka ɗebi jini. Likita ya dube ni ya ce, "Malama, kina aikin zinari ne?" Har dariya na yi. Ni da ko ɗan kunnen zinari ban da shi!

Ya ce gubar dalma ce. Ya ce, "A me kike daka?"

Nan na tuna. Bara na sayi tsohon turmi a kasuwa, mai nauyi, cikinsa sumul, ga araha. Ashe dutsen zinari aka daɗe ana dakawa a ciki, irin dutsen nan kuwa cike yake da dalma. Na wanke shi da sabulu, na ɗauka shi ke nan. Likita ya ce dalma ta shige ƙofofin icen, wanki ba ya fid da ita.

Aka ba ni gado. Ƙwayoyi masu warin ruɓaɓɓen ƙwai, ɗiban jini, awo, kullum. Ƙarfe huɗu 'yan dubiya su cika ɗakin da kwanuka, ni sai in juya fuskata bango. Mama ta kira tana kuka, "Da hanya na biyuwa da na zo." Kaɗaici ya fi ciwon cina.

Mutum ɗaya ke zuwa, Inna Habi, tsohuwar maƙwabciyata, da ƙwaryar fura.

Ga abin da ban gaya wa kowa ba. Turmin Inna ya tsage tun damina, nawa take ara ta daka wa jikokinta biyu gero.

Kwana huɗu na yi shiru. Ina tsoron a ce Kirista ta ba yara guba. Fiye da haka, ina tsoron ta daina zuwa.

Da safe nakan karanta Yohanna sura ta biyar, labarin mutumin da ya shekara talatin da takwas da ciwo, yana kwance a bakin tafkin waraka yana cewa ba shi da mai sa shi cikin ruwa. Ina son wurin, don kukana ne. Amma rana ta biyar na lura Yesu bai zauna taya shi kuka ba. Tashi ya ce ya yi, ya ɗauki tabarmarsa. Ni kuwa na shimfiɗa "ba ni da kowa" na kwanta a kai, yara na can suna shan dalma.

Da Inna ta zo, na gaya mata komai. Ta ce, "Mi kika ce, Malama?" Na maimaita. Ta ɗauki ƙwaryarta ta fita.

Kwana biyu ba ta zo ba. Na kalli bango na ƙoshi.

Rana ta uku sai ga ta. An auna yaran, ƙaramin ya kamu, amma an tare da wuri. Ta ce, "Da kin yi shiru, da wanga yaro mun rasa shi ba mu san dalili ba. Amshi ki sha, wagga a turmin maƙwabta aka daka ta."

Na sha ina hawaye.

Yanzu na koma aji, hannun yana riƙe alli, yaron ma ya warware. Na gode wa Ubangiji, da likitoci da nas-nas, da duk wanda ya yi mini addu'a.

Don Allah kada ku sayi tsohon turmi ko buhu a yankin da ake aikin zinari. In ciwon ciki ya ƙi jin magani, ku nemi awon dalma. In kun san abin da zai ceci wani, ku faɗa, ko da zai guje ku.

Ma'aikatan lafiya sun ɗauke tsohon turmin. Sabon da muka sayo yana gidan Inna. Yanzu ni ke zuwa aro.