Portabul ɗin Malam

Me uwa ke faɗa wa ɗanta na fari in ta buɗe baki? Na tsufa ban sani ba.

A garinmu, nan kusa da Buza, mace ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta zaman hira da shi. Kakarsa ce ta goye shi, ni ina kallo daga bakin murhu. Ya shiga lakkol, makarantar boko, ya wuce Yamai, daga can sai ƙasar Turawa. Labarinsa duka ta wajen Malam, mijina, nake samu.

Ran Juma'a in an sauko daga masallaci yaron yakan kira. Malam ya zauna gindin aduwa, ya ƙure muryar portabul, wayarsa ta hannu, wai kunnensa ya yi nauyi. Kunnensa lafiya lau, don ni yake yi. Ni kuma in matso da faifai, in yi ta tsintar waken da na riga na tsince.

A haka na ji aikinsa. Wai wani inji ne a ƙarƙashin ƙasa, zagayayye, ya fi garinmu faɗi. Suna kora wasu ƙwayoyi a guje cikinsa, garke guda, ƙanana, ido ba ya ganinsu. Ba sa taɓa juna, amma kowace tana tura sauran, har wadda ke can nesa. Shi yana neman gane yadda garken ke tafiya.

Malam ya ce, "To in sun gama gudun, ina suka nufa?"

"Baba, zagayawa kawai suke."

"Ashe akuya a turke kake kiwo, da duk karatun nan!"

Dariya ta kuɓuce mini. Yaron ya ce, "Baba, wa ke nan?"

"Kaza ce," in ji Malam.

Bayan girbi ciwo ya kwantar da Malam, bai tashi ba. Yaron ya zo gaisuwa, ya durƙusa gabana, na amsa ina duban tabarma. Ya koma.

Yanzu ni kaɗai ce gindin aduwa. Ran Juma'a portabul ya yi ƙara, in ɗauka, ya ce, "Inna?" In ce, "Lafiya lau." Sai mu yi shiru, ina jin numfashinsa, har ya yi sallama. In ya kashe nake kuka, nake faɗin duk abin da na tanada.

Da safiyar da Malam zai rasu, ya danƙa mini portabul ɗin a hannu, ya riƙe yatsuna a kansa.

"Ke, kazar nan ta bar ɓuya haka. In ya kira, ki yi masa hira. Ai tun farko ya san ke ce."