Malam Sule da Ya Yi wa Teku Ƙetare

Duk wanda ya san marigayi Malam Sule Mai Teku ya san ba ya zanen ruwa da takalmi a ƙafa. In sama yake zanawa, yana nan da silifas ɗinsa. Da ya sauko kan ruwa, sai ya tuɓe su, ya naɗe wando har gwiwa, ya yi bisimilla. A tsakiyar unguwar Kwarbai ta birnin Zariya fa, cikin bazara, ƙasa ta bushe ƙamas! Na taɓa ce masa, "Sule, wandon nan me ya yi maka?" Ko juyowa bai yi ba ya ce, "Iro, kai da kake tela, ka taɓa ganin mai hankali ya shiga ruwa da wando a sake?"

Ni ne Iron, shagona na jikin nasa tun muna da baƙin gashi. Boko a aji huɗu na sauka, saboda haka in rubutun ya karkace ku yi haƙuri. Amma a ilmin teku ni farfesa ne, don a gabana Sule ya zana tekunansa: a bangon shagon aski, a bayan motocin katako, da babban labulen nan na mai hoto a Ƙofar Doka. Rabin mutanen birni sun tsaya a bakin tekun Sule da kayan sallah, sun koma gida ko ɗan yatsansu bai jiƙe ba.

Matsala guda ce: Sule bai taɓa ganin teku ba. Iyakarsa kogin Kubanni da na Galma. Shi ya sa duk tekun da ya zana sai ya yi masa ƙetare: can nesa ga gaɓa, ga mangwaro uku, ga shanu suna kiwo. Ba wanda abin ya dama sai Alhaji Garba, direban tirela, wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa a hanyar Legas. Wata safiya a teburin mai shayi ya ce, "Malam Sule, aikinka da kyau, amma wannan tafki ne. Teku ba shi da ƙetare."

Sule ya ajiye kofi. "Alhaji, ka ji tsoron Allah. Ruwa ba ƙetare? To da me ya jingina?"

"Da sama ya haɗe!"

"Ka je can ka taɓa?"

Aka yi ta dariya, Alhaji ya ƙule, Sule ma ya ƙule. Nan a gaban jama'a ya ce, "Ku shaida. Ranar da aka tabbatar mini teku ba shi da ƙetare, na ajiye buroshi, kuma in bi bango ɗaya ɗaya in shafe aikina da farar ƙasa." Ku da kuka san shi, kun san in ya faɗi magana ko jaki ya fi shi sauƙin juyawa.

Ni kuwa gabana ya faɗi, don na san abin da za a shafe. Mutumin nan ba fenti yake shafawa kawai ba. Sama yake fara yi, ya bar ta ta kwana biyu, wai ruwa ba shi da launin kansa, aro yake daga sama, kuma ba a aro wurin wanda bai shirya ba. Shuɗinsa shi yake haɗawa, har da ɗan shuni daga marina. Yashin bakin ruwa kuwa na gaske ne: daga Kubanni yake ɗebowa, ya tankaɗe da rariyar Hajiyarsa, ya kwaɓa cikin fenti. An ci tuwo mai ƙas-ƙas a gidan nan ba sau ɗaya ba! Kumfar ruwa da tsohon asuwaki yake ɗiga ta. Na ce, "Sule, ƙazanta!" Ya ce, "Na wanke. Kuma asuwaki ya san kumfa fiye da kowane buroshi."

In damina ta sauka sai ya kulle shago, ya tafi bakin Galma ya zauna tun hantsi har azahar, ba takarda ba fensir. Na raka shi sau ɗaya, na ce me muke jira? Ya ce, "Shiru mana, darasi ake yi."

Bai taɓa sa mutum a bakin ruwansa ba. Wani malami daga Limancin Kona ya tsaya ya yaba masa, ya ce ga mai zane mai tsantseni, ba ya kwaikwayon halittar ɗan Adam. Sule ya sunkuyar da kai, "Albarkacinku ne, Allah gafarta Malam." Malam na ba da baya na ce, "To shanun fa?" Ya ce, "Iro, rufa mini asiri. Yatsun hannu ne ban iya ba. Saniya kofato gare ta."

Shekaru suka yi ta tafiya, musun na nan. Da wayoyin zamani suka zo, Alhaji Garba ya taho da bidiyon teku har shago, yana haki. Sule ya sa tabarau, ya duba, ya miƙa masa. "Wayarka ƙarama ce, Alhaji. Ƙetaren bai samu wuri ba."

'Yarsa Hajara na aure a Legas. Sau nawa tana cewa, "Baba, ka zo ka ga ɗakina," yana kawo uzuri: yau ƙafa, gobe aiki. Ni na san tsoro ne. Sai ta haifi namiji aka ce sunan Sule za a sa wa jaririn, hanyar gudu ta ƙare. Alhaji Garba, wanda ya daɗe da ajiye tuƙi, ya ce ai Hajara 'yarsa ce, shi ma zai je suna. Ni aka ɗauke ni shaida.

Washegarin suna, mijin Hajara, Bashir, ma'aikacin tashar jiragen ruwa, ya kai mu bakin teku. Jama'a, na ga abu! Ruwa yana tasowa kamar gini, yana ruri, ya zube, wani ya taso. Ka duba iya ganinka, ba gaɓa, ba mangwaro, ko jelar saniya babu. Sule ya tsaya kamar an dasa shi. Hularsa ta faɗi bai sani ba. Alhaji Garba da ya yi shekara da shekaru yana jiran wannan rana, sai ya kasa dariya, a hankali ya ce, "To, Malam?"

Sule ya ci gaba da kallon ruwa. Can ya ce, "Bashir."

"Na'am, Baba."

"In jirginku ya miƙe ta can, ya yi ta tafiya, ina zai tsaya?"

"In ya karkata yamma, Baba, sai Burazil."

"Ƙasa ce?"

"Babba ma."

"Da mangwaro?"

"Akwai, Baba."

"Shanu fa?"

"Ai sun fi namu yawa."

Sule ya ɗauki hularsa, ya karkaɗe, ya kafa ta a goshi. "To ka ji, Garba. Ƙetaren na nan. Ni matso da shi na yi, saboda masu raunin ido irinka."

Wallahi har Bashir sai da ya zauna a yashi don dariya! Muka dawo Zariya da buroshinmu, bango ko ɗaya ba a shafe ba. Alhaji ya ce an yi masa fashi da rana tsaka; mai shayi ya ce shari'a ta ƙare, a sha shayi.

Da Allah ya yi wa Sule rasuwa, bayan addu'ar uku, Hajara ta aiko a kira ni da Alhaji Garba. Ta fito da wani allo naɗe cikin zane, ta ce a bayan kabad ta same shi, fuskarsa na kallon bango. Muka buɗe. Teku ne, wanda ban taɓa ganin ya yi kamarsa ba: ruwa toka-toka yana tasowa, ya tafi, ya tafi, har ya haɗe da sama. Ba komai a can. A baya ya rubuta da ajami: "Na Garba ne. Ido dai bai gani ba, ka yi gaskiya. Kada ka gaya wa kowa."

Alhaji ya karanta, ya sake karantawa, ya rufe fuska da babbar riga. Har yau bai gaya wa kowa ba, mutum ne mai amana. Ni kuwa ba ni aka rubuta wa ba. Kuma ina so ku sani, a birnin nan, nesa da teku tafiyar yini guda cur, mun yi mutumin da ya kalle shi sau ɗaya tak ya dawo da shi a ka.

Allah ya jiƙan Sule, ya yafe masa taurin kai, ya yafe mini wannan tonon asiri. Allah ya sanyaya makwancinsa, ya shayar da shi daga Alkausara. Mu da muka rage, in tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani. Amin.