Wa Zai Karɓi Ludayin Inna?

Daga Allah muke, gare shi kuma za mu koma. Ranar Talata, sha ɗaya ga watan nan, bayan azahar, Allah ya karɓi ran Inna Mai Ludayi a asibitin gwamnati, bayan ciwon ƙirjin da ta daɗe tana ɓoye mana. Ina tsakiyar sauke buhunan albasa a kasuwar kayan gwari labarin ya same ni. Na dire buhu a inda ba wurinsa ba, mai kaya yana ta faɗa, ban ji abin da yake cewa ba.

Ga wanda bai san ta ba, ita ce tsohuwar da ke kafa teburi kowace Alhamis da yamma a bakin titi, tsallaken ƙofar masana'antar makamai, tana ciyar da duk wanda ya zo, ba ko sisi.

Inna, ban iya yabo ba, kin sani. Ni baƙo ne a ƙasar nan, yaƙi ne ya koro ni daga tawa, kuma na ga abin da irin kayan da ake ƙerawa a bayan katangar nan suke yi wa gida mai mutane a ciki. Ranar da na fara tsayawa gaban teburinki, yunwa ce ta kawo ni, kunya kuma ta hana ni matsowa. Wani gurgu mai sayar da jarida ne ya zuba mini shinkafa da miya. Ina shirin juyawa kika tare ni, kika cusa mini ludayin a hannu, kika nuna mini matar da ke bayana.

"Ɗan nan, a nan ba a ci a gudu. An zuba maka, zuba mata."

Dokarki ke nan, ita kaɗai. Wanda aka zuba wa shi zai zuba wa na bayansa. Ba mai bayarwa, ba mai karɓa, ludayi ne kawai ke zagawa daga hannu zuwa hannu. Tun da na bar gida ban taɓa ba wani komai ba sai ranar. Na koma gefe na ci abincina, ban bari kowa ya ga fuskata ba.

Daga baya na ji tarihinki. Shekara da shekaru kina dafa abinci a ɗakin cin abincin wannan masana'antar. Kullum abinci yana raguwa, kullum kuma a sa ku ku zuba masa ruwan wanke banɗaki kafin a kai shi shara, wai don kada mayunwata su saba taruwa a bakin ƙofa. Ranar da kika ƙi zubawa, kika ɗauko tukunyar kika fito da ita titi, ranar aka sallame ki. Kin ce ba ki taɓa yin barci mai daɗi irin na bayan sallamar nan ba.

Da kika fara kafa teburinki, masu kayan gwari suka riƙa tara miki abin da ya fara laushi, ni nake turo shi a baro. Mai gidan burodi yana aiko da na jiya. Ɗalibai sun zo da alluna masu rubutu, suna so a daga a yi ta ihu. Kika ce su jingine su a bango su zo su fere dankali, ai teburin ya isa rubutu. Wanda ya fito daga waccan ƙofar, ya ga layin mutane a wannan tsallaken, in yana da ido ya karanta.

Sun kuwa karanta, shi ya sa suka tsane ki. Ƙasar da ke da kuɗin ƙera abin rusa gari, ita ce ta tuna da dokar tsabtar abinci a kan tukunyar tsohuwa. Aka ce ba ki da izini. Kika nema, aka ce ba a bayar da izinin wannan titin. Sau nawa aka kifar da miya a kwata a gaban yaran da ke riƙe da kwano? Sau nawa aka tafi da murhunki? Wanda ya sa hannu a wannan umarni, ban san sunansa ba, amma na san ya ci abincin rana a ranar.

Gaskiya dai a faɗe ta ko a kan wanda ba ka so. Ma'aikatan masana'antar ba dodanni ba ne, masu iyali ne, wasunsu ma 'yan aikin yini ne da ke tsallakowa su ci tare da mu, ba ki taɓa yi musu gori ba. Sajen ɗin da ke zuwa kama ki, wani lokaci yakan tsaya ɗaure igiyar takalminsa har sai na ƙarshen layi ya samu. Ba kuma zan ce su suka kashe ki ba, kwana ne ya ƙare. Amma ruwan saman da ya sha dukan ki a bayan motarsu, da sanyin simintin da kika sha zama a kai, ba su ƙara miki lafiya ba. Wannan ba zan yafe ba tukuna.

Ga abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba. Doka a kan wanda aka samu da ludayi a hannu take hawa. Rabin masu cin abincinki irina ne, takardunmu ba su da ƙarfi, kamu ɗaya ya isa a mayar da mutum inda ya gudo. Saboda haka kunnenki kullum yana kan titi. Da zarar motar 'yan sanda ta sha kwana, ko ludayin yana hannun wa, sai ki miƙo hannu ki ce, "Ba ni nan, hannunka ya gaji." Ke ake tafiya da ke. Kina cewa ke 'yar ƙasa ce, kuma tsohuwa, ba inda za su kai ki sai su dawo da ke, don ba su iya jure surutunki.

Kwana biyu da binne ki, muna zaman makoki a ƙofar gida, sai ga wani mai kwat ya zo da sunan hukumar gari da masana'anta. Ya yi gaisuwa da kyau, ba zan rage masa ba. Ya kira ki uwar marasa galihu. Sannan ya ce don tunawa da ke za a ba da wani zaure a bayan tsohuwar tasha, a liƙa sunanki a ƙofa, a ɗauki ma'aikata su riƙa rabon abinci da kati, kowa ya rubuta sunansa ya nuna takardarsa. Sharaɗi ɗaya ne, teburi ya bar bakin ƙofa. Wato da ranki sun kasa ɗaga ki, yanzu suna so su ɗaga ki da yabo. Ni dai ba ɗan gida ba ne.

Maganar tana hannun 'yarki, Auta. Tela ce, yara uku gare ta, mijinta ba aiki. Ta gaji da zaryar karɓo ki daga caji ofis, ta sha yi miki faɗa a gabanmu. Ta ce wa mai kwat za ta yi tunani. Wallahi da ta amsa ban ga laifinta ba. Zauren yana da rufi, zai kuma ciyar da wasu. Sai dai irina ba za su taka ƙofarsa ba.

Ranar Alhamis ta makon da ya biyo baya na turo barona don ban san inda zan kai kayan ba. Na tarar da teburi a kafe, tukunya a kan wuta, Auta tana zaune can gefe a kan benci da jaririnta. Mai jarida ya zuba wa wani, wanin ya zuba mini, ludayi ya iso hannuna. Ina cikin zuba wa wata yarinya na ji ƙarar motar 'yan sanda. Na waiga wajen da kike tsayawa, ba kowa.

Auta ta miƙa wa maƙwabciyarta jaririn, ta taso ba gaggawa, ta gyara mayafi.

"Kawu, ba ni nan. Hannunka ya gaji."

Ita aka tafi da ita. Sun sake ta kafin magariba, ta dawo ta tarar mun wanke tukunya. Ta ce Alhamis mai zuwa in ƙaro albasa, miyar yau ba ta kai ta Inna ba.

Ya Allah, baiwarka ta ciyar da bayinka ba ta tambayi sunan kowa ko ƙasarsa ba. Ka ji ƙanta, ka yafe mata kurakuranta, ka yalwata kabarinta, ka ciyar da ita daga abincin Aljanna. Ina miƙa ta'aziyyata ga Auta da 'yan uwanta da jikoki, da duk wanda ludayin nan ya taɓa ratsa hannunsa. Allah ya ba mu haƙurin rashinta, ya tsare Auta, ya sa mu cika da imani. Amin.