Diddigen Mahauci

Wautata ta farko ita ce na ɗauki ƙafata na kai wa wanzami. Na ce masa ƙusa ce a cikin diddigena, ya fito min da ita. Ya tsaga, ya kafa ƙaho, ya nuna min baƙin jini, har da godiyata. Na koma gida da ciwo biyu.

Shekara arba'in da wani abu ina tsaye bakin teburin nama a Agege, kan siminti, da silifa da ta cinye har ina jin tsakuwa. Shi ciwon nan da asuba yake gaisuwa. Takun farko daga gado sai ka ce an soka maka tsinken tsire. In na ɗingisa zuwa masallaci ya lafa, in na zauna na miƙe ya dawo. Ban gaya wa kowa a gida ba, don mai ɗakina ta daɗe tana so in bar teburin, ni kuwa ban san me zan zama ba in ba mahauci ba.

Da abin ya ƙi, na saci jiki na je asibiti. Likitar sa'ar 'yata ce. Ta danna wurin da babban yatsa, saura kaɗan in yi mata ashar. Ta ce babu wata ƙusa, jijiya ce shimfiɗe daga diddige zuwa yatsu, tsayuwa ta gajiyar da ita. In riƙa dafa bango ina miƙar da sharaɓa, in murza robar ruwa mai ƙanƙara a tafin ƙafa, in sa kambas mai taushi, in rage tsayuwa.

"Kwana nawa?"

"Baba, watanni."

Ranar da na shiga kasuwa da kambas, mahauta suka samu abin yi. "Oga, yau wace ƙungiya za ka buga wa?" Bangon ma, ina cikin dafa shi a gida maƙwabciyarmu Bayarabiya ta leƙo ta ce, "Baba, kar ka ture mana gida o."

Na yi duka, ban da rage tsayuwa. Ciwon ya ja baya, bai tafi ba. Da yamma ƙafar nan jan ta nake yi kamar ta aro.

Wata la'asar mai ɗakina ta same ni a lungu ina murza roba. Ashe ta daɗe da sani. Ba ta yi zancen barin tebur ba. Ta shiga ɗaki ta fito da sabuwar kujera mai dogayen ƙafafu, daidai tsayin teburin nama, ta ajiye a gabana, ta ce:

"Malam, naman ai bai san ko a tsaye aka yanka shi ko a zaune ba."