Zumata da Yarinyar da Aka Zana

Tsufa ya ƙwace mini abubuwa da yawa, har sunayen wasu da muka yi wasan ƙasa tare sun zube mini a hanya. Amma akwai wata Asabar a garin Greensboro na ƙasar Turawa da ba zan manta da ita ba har ranar da za a rufe ni, domin ranar ce na zauna gaba da gaba da wadda ta fi kowa ƙona mini rai a ƙasar nan. Kuma ba mutum ba ce. Zane ce, irin na katun ɗin mutanen Japan.

Ni ban yi boko ba, ina faɗa ne ana rubuta mini, saboda haka ku bi ni a hankali. Wankan jego ya kawo ni ƙasar nan, lokacin da matar ɗana ta haihu, da niyyar in an yi arba'in in koma gida. Sai aka sa wa jaririyar sunana, shi ke nan aka ɗaure mini ƙafa. Ina kiranta Takwara, tana kirana Kaka. Uban ya fita aiki, uwar ta fita aiki, unguwar tamu ta Sedgefield kuwa da rana ko kukan akuya ba ka ji, sai wucewar motoci. A bayana ta yi wayo. Duk Asabar da hantsi takan ɗauko kibiya da man kaɗe ta zauna tsakanin ƙafafuna, ina tsifa, ina kitso, ina ba ta labarin kura da zomo. Kafin in rufe baki da ga ta nan ga ta nanku, har ta ce ta zo mu ji ta. Wannan Asabar ita ce duk abin da na mallaka a ƙasar nan.

Da ta shiga sakandare sai waccan ta shigo mana gida ta cikin kwamfuta. Idanu kamar faranti, hanci ɗan ɗigo, usur a wuya, tawul a kafaɗa. Ita ba ta ma buga ƙwallo. Aikinta ta bi samari masu jefa ƙwallo cikin kwandon da ba shi da gindi, ta ba su ruwa, ta wanke musu tawul, ta daka musu tsawa in sun yi lalaci. Manaja ake ce mata. Ban ankara ba Takwara ta je ta sami kocin makarantarsu ta ce ita ma irin wannan aikin take so a tim ɗin 'yan mata, aka ba ta, har da usur.

Daga nan Asabar ta zama ta firaktis, wato atisayen ƙwallo. In na ce, "Takwara, kanki ya tsufa," sai ta cusa gashin cikin ɗankwali ta amsa mini da Turanci tana ɗaure takalmi. Ta manna hoton yarinyar a bangon ɗakinta, babba, daidai inda idonta zai fara sauka in ta farka. Na kai ƙara wurin ubanta, ya yi dariya ya ce, "Mama, katun ne fa." Na kira ƙawata, wata Hajiya 'yar zangon Kumasi da ke zaune wurin 'yarta a Summerfield, wani gari kusa da mu, ita kuma ta ƙyalƙyale har da tari.

"Hajiya, da girmanki? Da takarda kike kishi?"

Na ce, "Takardar ta ɗauke mini jika, Hajiya. Da mutum ce da na je gidansu mun yi magana."

Abin da ya kai ni bango zuma ce. Ƙanena ya aiko mini da ita daga gida, ta amya, baƙa wuluk, mai ƙanshin hayaƙi. Da ɗan cokali nake lasarta in sanyi ya kama mini ƙirji. Wata safiya na ɗaga kwalbar na ji ta yi sauƙi. Na buɗe firji, sai ga wata roba cike da lemon tsami an yanyanka shi siri-siri, yana iyo a cikin zumata.

"Takwara! Wa ya taɓa mini zuma?"

Ta fito tana murmushi, wai na 'yan wasanta ne, yana dawo musu da ƙarfi in sun gaji.

"Wa ya koya miki?"

Ta ce, "Ita. Haka take yi wa tim ɗinta."

Wallahi ba zumar ce ta yi mini ciwo ba. Yarinyar nan na yi ta roƙonta ta shigo kicin in nuna mata yadda ake kaɗa miyar kuka, ko sau ɗaya ba ta tsaya ba. Amma wadda ba ta da hannun riƙe wuƙa ta koya mata yanka lemo, ta zauna ta koya, har yankan ya yi kyau. Kyan yankan ma ya ƙara mini haushi.

Asabar ɗin da nake ba ku labari, ruwan ƙanƙara aka kwana ana yi. Itatuwa suka zama kamar gilashi, hanya ta yi santsi, aka ce babu firaktis. Na same ta a falo ta naɗe ƙafa da kwamfuta a cinya. Na ajiye kibiya da man kaɗe a gabanta na ce, "Zauna nan. Kunna mini ita. Yau sai na ji abin da take gaya miki da ni ban iya ba."

Ta zauna tsakanin ƙafafuna, ta ɗora kwamfutar a kan ƙaramin tebur. To su da Japananci suke magana, ana rubuta Turanci a ƙasa, ni kuwa ba na jin na sama, ba na karanta na ƙasa. Dole ta riƙa juya mini da Hausa. Hausar tana tuntuɓe, ina ɗaga ta. Ni kuma ban bar yarinyar katun ɗin ta huta ba.

"Wannan idanun, ina take kai su in za ta yi barci?"

"Kaka, don Allah!"

"Ba ta da uwa ne, take wanke wa ƙattai tawul?"

"Kaka, ki bari ki ji mana."

Na ci gaba da tsifa. A cikin labarin an zo babban wasa, samarin suka ci, suka rungume juna suna ihu, mutane suna tafi. Ita kuwa tana can gefe tana tsince gorunan ruwa. Kowa ya watse. Ta ɗauki kwandon tawul ta zagaya bayan ɗakin wasan, ta buɗe famfo, tana wanki ruwa yana zuba daga waɗannan manyan idanun. A nan fassarar ta tsaya. Na ce, "Me ta ce?" Sai na ji ɗumi a gwiwata. Takwara ta kifa fuskarta a kan zanena, kafaɗunta suna rawa.

Da ƙyar maganar ta fito. Ashe kwanakin baya tim ɗinsu sun ci wani wasa da suka daɗe suna nema. Aka taru za a ɗauki hoto, ta matso za ta tsaya a gefe, sai wata daga cikin 'yan wasan ta miƙa mata waya ta ce ta ɗauke su. Ta ɗauka. Hoton yana nan an kafa shi a makaranta, kullum ta gabansa take wucewa. Har robar lemon ta fito a ciki, a hannun wata. Ita ce kawai babu.

Na ce, "Uwarki ta sani?"

Ta girgiza kai.

"Ubanki fa?"

Ta sake girgizawa.

"To wa kika gaya wa?"

Ta ɗaga haɓa ta nuna kwamfutar.

Jama'a, duk kishin da na yi a baya wasa ne. Zuma a sayo wata, Asabar ma ta dawo. Amma hawayen yarinyar da na goya, a ce an kwashe su an kai wa zane? Na ce, "Ƙofata tana kallon ƙofarki. Ina zaune ba inda nake zuwa. Me take da shi da ba ni da shi?"

Ta share fuska da bayan hannu, ba ta dube ni ba. Ta ce, "Kaka, in na zo wurinki, kafin in gama sai ki ce ai hakan ta taɓa faruwa da kura. Ita ba ta cewa komai. Ita ma tawul kawai take wankewa."

Abin da zai ba ku mamaki, a daidai lokacin akwai labari a kan harshena. Na riga na shirya shi tun tana maganar hoto, na wata 'yar tsuntsuwa da ta yi wa manyan dawa aiki aka manta da ita ranar rabo. Mai daɗi ne kuwa. Na haɗiye shi, ya wuce mini maƙogwaro kamar tuwon da ya kwana. Na ɗauki kibiya na tsaga kan, na ce, "Ina jinki." Ta yi ta magana, Hausa da Turanci a cakuɗe, wani na gane wani ban gane ba, ban katse ta ba har na ɗaure jelar ƙarshe. Ban taɓa yin kitso bakina a rufe ba sai ranar.

Da wasansu na gaba ya zo, na juye sauran zumar duka a kan lemon, na daka citta da kanumfari na zuba, domin wannan dai 'yar Japan ba ta san shi ba. Na sa ubanta ya kai ni. Ihu da ƙarar takalma suka kusa kurmantar da ni, ban gane wa ke ci ba sai da na ga namu suna tsalle. Idona yana kan Takwara, tana gudu da goruna, tana hura usur. Da aka taru ɗaukar hoto, na ga wata doguwa ta nufo ta da waya. Na sauko da sandata, na miƙa hannu na ce da Hausa, "Kawo nan." Yarinyar ba ta jin Hausa, amma ta gane hannun tsohuwa. Takwara tana cewa, "Kaka, ba ki iya ba," na tura ta tsakiyarsu da kan sanda. Ubanta ya nuna mini inda ake dannawa, na danna.

Hoton ya fito a karkace. Dogayen duk na yanke musu kawuna. Amma Takwara tana nan a tsakiya, da usur ɗinta, da kitsona yana leƙowa ta gaban ɗankwali, tana dariya har da hawaye.

Yanzu ta girma, tana karatu a wani gari. Hotunan biyu suna nan a bangon ɗakinta, wanda na ɗauka a gefen na waccan. Ban cire ta ba, amma har gobe in na shiga shara sai na harare ta, domin ta riga ni jin kukan jikata, kuma wannan ba zan yafe mata ba. Abin da dai na koya shi ne, na yi shekaru ina zaton bakina ne yake riƙe da yarinyar nan a kusa da ni, ashe kunnena take nema. In yaro ya zo maka da damuwa, ka ajiye labarinka komai daɗinsa, ka bar shi ya gama nasa. In ba ka yi ba, zai sami wanda zai yi masa shiru, ko da zane ne a bango.